Kalangu a Rataye: Kiɗa da Waƙa a Matsayin Sana'a a Ƙasar Daura

Gabatarwa

A wata unguwa cikin birnin Daura akwai wani dattijo makaɗin kalangu wanda ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, shi ma mahaifin gadonsa ya yi. Dattijon nan ya yi kusan shekara arba'in yana bin wani mawaƙi, suna zagaya kasuwanni da gidajen biki tun daga Sandamu da Zango da Baure har Magariya da Damagaram cikin Jamhuriyar Nijar. Yanzu mawaƙin ya rasu, 'yan amshi sun watse, kalangun kuwa yana rataye a zaure, fatarsa ta bushe, tsarkiyarsa ta saki. A cikin 'ya'yansa babu wanda ya riƙi sana'ar. Jikansa guda ne ya iya kiɗan tun yana ƙarami, shi ma ya tafi kwalejin ilimi, kuma bai taɓa gaya wa abokan karatunsa cewa daga gidan makaɗa ya fito ba.

Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, sai aka tura saurayin wata makarantar firamare a ƙasar Mai'aduwa. Wata ranar Lahadi ya shiga kasuwa, yana wucewa ta rumfar masu tura waƙa a waya, sai ya ji wani kiɗa ya tashi a lasifika. Nan take ya tsaya cik, domin ya gane hannun kakansa kamar yadda mutum ke gane muryar mahaifiyarsa cikin taro. Ya tambayi mai rumfar ko waƙar wane ce, mai rumfar ya ce shi ma tura masa aka yi, kuma babu suna a jikinta sai lamba. Saurayin ya biya, aka tura masa, ya kawo ta gida ya kunna wa tsohon.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa yatsa a gwiwa. Da aka gama sai jikan ya ce, "Kaka, nawa aka ba ku da aka ɗauki wannan waƙa?"

Ya ce, "Haba Malam ƙarami, wa zai ba mu? Ai mai biki ya sallame mu tun a ranar. Ni riga na samu da buhun gero. Mai rikoda kuwa har godiya muka yi masa, tun da zai kai mu inda ƙafarmu ba ta je ba."

"To, ina rigar, Kaka?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ta mutu tun ba a haife ka ba."

Riga ta mutu, gero ya ƙare, amma waƙar tana nan ana cinikinta a kasuwa, ba tare da sunan waɗanda suka yi ta ba. A kan wannan al'amari ne wannan babi zai yi tsokaci, wato yadda ƙaramin wuri kamar masarautar Daura zai mayar da kiɗa da waƙa sana'a mai ɗorewa, wadda za ta riƙe mai yin ta har bayan ƙarfinsa ya ƙare.

Abin da Harshe Ya Nuna

Idan ana son a san matsayin wata sana'a a wajen al'umma, to a dubi kalmomin da suke amfani da su a kanta. Bahaushe idan ya je wurin maƙeri ko masaƙi ko baduku, zancen ciniki ake yi da taya wa da sallamawa da kuɗin aiki. Idan kuwa makaɗi ne, sai kalmomin su sauya. Abin da ake ba shi kyauta ne, ko kari, ko liƙi, wanda ya kawo saƙon kuma a ba shi tukuici. Shi kansa sau da yawa maroƙi ake kiransa, kalmar da ta fito daga roƙo. Kenan harshen ya ɗauki abin da makaɗi ke samu a matsayin alherin mai bayarwa, wanda in ya ga dama ya yi, in bai gani ba babu mai tuhumarsa.

Ba za a ce wannan tsari bai yi amfani ba a zamaninsa. Masana adabin baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau wanda ya wallafa Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, sun nuna yadda makaɗan Hausa suka kasu gida-gida. Akwai na fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a, kuma kowane rukuni yana da masu ɗaukar nauyinsa. Makaɗin fada ubangidansa ke ba shi gida da gona da doki da sutura. Makaɗin noma yana da dami a wurin manoma da kaka, mai kalangu kuma yana da rabonsa a wurin mahauta. Kowa ya san nasa, ba a kuwa tauye shi.

Sai dai tsarin ya dogara ne a kan abu biyu, wato mai bayarwa yana raye kuma yana da hali, sannan makaɗi yana wurin da kansa. Da na'urar ɗaukar sauti ta shigo ƙasar Hausa, daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa faifan sidi da wayar hannu da intanet, sai waƙa ta sami ƙafar da za ta yi tafiya ba tare da mai ita ba. Tana shiga mota da shago da gidan rediyo, tana jawo wa wasu ciniki, shi kuwa yana gida a zaune. Al'adar kyauta ba ta tanadi komai ba game da wannan sabon hali, shi ya sa dattijon can ya yi wa mai rikoda godiya.

Shata da Daura

Babu misalin da ya fi na Alhaji Mamman Shata fito da wannan batu fili. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori da Kano da Funtuwa, sunansa ya zagaye duk inda ake jin Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Daga cikin iyayen gidansa, wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, kuma Shata ya yi masa waƙoƙi da dama. Da Shata ya rasu a asibiti a Kano cikin watan Yuni na 1999, Daura aka kawo shi aka yi masa sutura, a garin ubangidan nasa. Dattijo mai kalangu yana cikin ɗimbin jama'ar da suka halarci jana'izar, kuma har yau yana ba da labarinta.

Wannan zumunci na sarki da mawaƙi shi ne mafi kyawun abin da tsarin kyauta zai iya haifarwa. Duk da haka akwai abin lura. Shata bai rubuta waƙoƙinsa ba, a take yake ƙaga su a bakin kalangu, shi kansa kuma bai riƙe adadinsu ba. Abin da ya rage a yau a warwatse yake, wasu a ɗakin ajiya na Rediyon Kaduna, wasu a fayafayen kamfanoni, wasu a tsofaffin kaset a hannun masoya, wasu kuma a YouTube, inda mutane daban-daban suka ɗora su. An yi ƙoƙarin tattara tarihinsa, kamar littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa wanda ya fito a 2006. To, idan mawaƙi mai girman Shata sai da aka bi gari-gari ana tsintar aikinsa, ina ga ƙaramin makaɗin da sunansa bai wuce Kwangwalam ba?

Darasi Daga Ƙananan Tsibirai

Akwai wasu ƙasashe da suka riga Daura shiga irin wannan hali, su ne ƙananan ƙasashen tsibirai. Da farko mutum zai yi mamakin haɗa garin da ke bakin hamada da ƙasar da teku ya kewaye. Amma matsalarsu iri ɗaya ce. Wuri ne ƙarami, kasuwar cikin gida ba ta isa ta riƙe mai fasaha ba, masu jari da ɗakunan ɗaukar sauti suna can manyan birane, matasa kuma kullum suna fita neman abinci. Yadda yaron Daura mai murya yake nufar Kano ko Kaduna, haka na tsibiri yake nufar Landan ko Faris.

Jamaika ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, amma kiɗanta na rege ya game duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada a 2018. Wani abin sha'awa ga malami shi ne tushen wannan kiɗa yana da alaƙa da makaranta. A birnin Kingston akwai makarantar Alpha, wadda aka kafa a 1880 domin yara marasa galihu, ta kuma riƙa koya musu busa da kiɗa. Daga cikinta aka sami ƙwararru irin su Don Drummond da Tommy McCook, waɗanda suka taimaka wajen aza harsashin kiɗan zamani na ƙasar. Sai dai Jamaika ta yi sake a wani gefen. Mawaƙanta da yawa an biya su sau ɗaya ne a ranar ɗaukar sauti, mallakar faifan ta koma hannun mai kamfani. Ko iyalan Bob Marley, wanda ya rasu a 1981, sun kai ƙara a Amurka suna neman mallakar fayafayensa biyar na tsakanin 1973 da 1977, amma a 2010 kotu ta yanke hukuncin cewa na kamfanin Universal ne, saboda yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun yana raye. Kenan suna ya zauna a Jamaika, kaso mai tsoka na kuɗin kuwa ya tsallaka teku.

Cape Verde kuma tsibirai ne goma a yammacin gaɓar Senegal, masu fama da fari, mutanensu kimanin rabin miliyan, da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne a Turai da Amurka. Fitacciyar zabiyarsu Cesária Évora ta yi shekaru tana waƙa a garin Mindelo ba ta samun abin kirki, har ta ajiye waƙar kusan shekara goma saboda talauci. Sai a 1988, tana da shekara 47, ta ɗauki faifai a Faris, daga nan duniya ta san ta, ta kuma sami lambar yabo ta Grammy a 2004. Da harshen mutanenta ta yi waƙa, harshen da masu jin sa ba su da yawa. Bayan rasuwarta a 2011 ƙasar ta sa wa filin jirgin saman tsibirinsu sunanta, ta sa hotonta a takardar kuɗi. Mafi muhimmanci kuma, tun daga 2013 aka fara wani baje kolin kiɗa a Praia, babban birnin ƙasar, inda masu shirya bukukuwa da masu kamfanoni ke zuwa daga ƙasashe su saurari mawaƙan gida su ƙulla ciniki da su. Maimakon kowane mawaƙi ya bi sawun Évora zuwa Faris, sai aka jawo kasuwar ta zo gida.

Misali na uku shi ne Trinidad da Tobago. A can, Turawan mulkin mallaka sun hana kiɗan ganguna a shekarun 1880, sai talakawa suka koma kaɗa gora, daga baya suka koma duro na man fetur, suna bubbuga gindinsa har ya riƙa ba da amo daban-daban. Da farko kallon 'yan tasha ake yi wa masu wannan kiɗa, iyaye na hana 'ya'yansu kusantar su. A hankali aka kafa gasar ƙasa a 1963, aka shigar da kiɗan makarantu, a 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 11 ga Agusta ta kowace shekara domin tunawa da shi. Abin da ake jin kunyarsa jiya ya zama abin da ƙasa ke tinƙaho da shi, har ana ƙera kayan kiɗan ana sayarwa ƙasashen waje.

Abin da Daura Take da Shi

Idan aka auna, Daura ta fi waɗannan tsibirai wata dama. Ba teku ne ya kewaye ta ba, masu jin harshenta ne. Hausa tana da masu magana da ita fiye da miliyan 50, kuma ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, suna kan hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram. Ga tarihin Bayajida da rijiyar Kusugu, waɗanda duk yaron da ya yi firamare a ƙasar Hausa ya ji labarinsu. Ga Sallar Gani da ake yi cikin watan Rabi'ul Awwal, wadda ke tara baƙi daga Nijeriya da Nijar, ana hawa, ana buga tambura, ana busa kakaki da algaita. Ga kuma kabarin Shata. Hukumar UNESCO ta amince da hawan daba na Kano a 2024, alamar cewa duniya tana daraja irin wannan gado. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma tsarin yana da matakai da ba su fi ƙarfin ƙaramin wuri ba.

Mataki na farko shi ne suna. Duk waƙar da ke yawo da lamba kawai dukiya ce da ba ta da mai ita. Ya kamata a bi tsofaffin makaɗa tun suna raye, a ɗauki kiɗansu da kyau, a rubuta sunan mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi, da wurin da aka yi waƙar, da wanda aka yi wa, a kuma ajiye a wuri sananne. Wannan aiki ne da fada da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan Hausa na kwalejoji za su iya haɗa hannu a kai.

Na biyu shi ne sanin haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, shi ma ɗan Daura, ya sa wa hannu a 2023, ta kare waƙar da aka ɗauka ko aka rubuta tsawon ran mai ita da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata suna cikin kariya har ƙarshen 2069. Dokar ta kuma ba wanda ya yi kiɗa ko amshi nasa haƙƙin, ta tanadi ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da wuraren da ake amfani da waƙa don kasuwanci. Bambancin kyauta da haƙƙi a nan yake. Kyauta tana ƙarewa da mai bayarwa, haƙƙi kuwa ana gadonsa kamar gona. Amma doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba, kuma labarin Bob Marley ya isa gargaɗi ga duk matashin da za a miƙa wa takarda a ce ya sa hannu.

Na uku shi ne kasuwa. Tun da Gani tana tara jama'a kowace shekara, ana iya ware wani lokaci a gefenta domin makaɗan masarautar su nuna fasaharsu, a gayyato masu shirya finafinai da gidajen rediyo da masu ɗaukar sauti. Kiɗa ba ya tafiya shi kaɗai. Bayan mawaƙi akwai masassaƙin da ke fafe icen ganga, da majemin da ke gyara fata, da tela, da mai hayar lasifika, da mai masauki, da mai abinci. Ɗorewar sana'ar har ta shafi dashen itatuwa, domin a yankin da hamada ke matsowa, icen da za a sassaƙa kalangu ma sai an tanade shi.

Gurbin Malami

Duk waɗannan matakai ba za su yiwu ba matuƙar ɗan makaɗi yana ɓoye gidansu. A nan ne malamin Hausa yake da aikin da babu mai yi masa. Shi ke koyar da waƙar baka a aji, yana nazarin turke da salo da ɗiyan waƙa. Idan ya karanta wa yara waƙa a kan allo yana yaba hikimar mai ita, sannan ya bari ana yi wa ɗan mai ita ba'a a filin wasa, to ya rushe da hagu abin da ya gina da dama. Iyaye da yawa suna da damuwa a kan batsa da shashanci da suke gani a wasu waƙoƙi, damuwarsu kuma abin dubawa ce. Maganinta shi ne malami ya zaɓi abin da zai kawo aji, ya nuna wa yara waƙar noma da ta sana'a da ta tarihi da ta gargaɗi, domin su san tsaba su san tsakuwa. Yana iya ba ɗalibai aikin gida su je su tambayi wani makaɗi na unguwarsu sunansa da na wanda ya koya masa da sunayen sassan gangarsa. Yana iya koya musu cewa duk waƙar da aka kawo sai an faɗi mai ita, kamar yadda ake faɗin marubucin littafi. Yaron da ya saba da haka tun yana aji huɗu, idan ya girma ya buɗe rumfar tura waƙa, da wuya ya sayar da waƙa da lamba.

Kammalawa

Saurayin nan ya yi kwanaki yana juya maganar rigar kakansa a rai. Ana saura mako guda ya gama gwajin koyarwa, sai ya nemi izinin shugaban makaranta, ya dawo gida ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Kaka, ina so ka zo ajinmu ranar Alhamis da kalangunka."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Malam ƙarami, ba ka jin kunya yara su san ko kai jikan wane ne?"

Ya ce, "Da na ji, Kaka. Yanzu na bari."

Aka sauko da kalangu, aka kai wa mai gyara ya sa sabuwar fata, aka ɗaure tsarkiya. Ranar Alhamis dattijon ya zauna a kan tabarma gaban aji, ya matse kalangu a hammata, ya nuna wa yara yadda amonsa ke hawa da sauka kamar karin sautin magana, har suka riƙa gane kalmar da yake faɗa. Kafin ya fara, jikan ya rubuta cikakken sunansa a kan allo, da na mahaifinsa, da na mawaƙin da ya bi, ya ce kowa ya kwafa a littafinsa. Sannan ya ɗauki kiɗan a wayarsa, ya sa masa suna da kwanan wata. Ko sisi dattijon bai samu ba a ranar, kuma har yanzu ana tura tsohuwar waƙarsa a kasuwar Mai'aduwa. Sai dai a wannan karon akwai yara fiye da hamsin da suka san ko hannun wane ne, kuma biyu daga cikinsu sun biyo shi har bakin hanya suna tambayar ranar da zai fara koya musu.